Na cire gishiri daga girkina saboda lafiyarsa, shi kuma ya koma cin abincin waje

Assalamu alaikum Anti. Ina roƙon ki sakaya sunana. Shekara 16 ke nan da aurenmu, 'ya'yanmu huɗu. Wata huɗu da suka wuce maigidana ya je asibiti saboda ciwon kai, aka auna jininsa aka samu 168/102. Aka sake aunawa wata rana bai sauka ba, likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta masa magani. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifinsa. Tun daga ranar na duƙufa karance-karance a intanet. Na cire gishiri da dunƙule gaba ɗaya daga abincinsa, na daina soya masa komai, na ware masa tukunyarsa daban. Da farko ya daure. Yanzu loma biyu yake yi ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, daga baya in tarar da ledar abincin waje a mota. Da na yi magana sai ya ce na mai da shi majinyaci a gidansa, a gaban 'ya'yansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya na ga katin maganinsa, da alama ya kusa wata ɗaya bai sha ba. Ban nuna masa na gani ba. Mahaifiyarsa kuma tana aiko masa da wani jiƙo a gora, ta ce maganin asibiti in an fara ba a dainawa, kuma yana kashe jikin namiji. Gaskiya ni ma zuciyata ta fi karkata ga itatuwa da abinci mai kyau. Shin abinci kaɗai zai iya warkar da shi? In je wurin likitansa ba da saninsa ba? Yaya zan yi da Hajiya ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Na gaji, kuma ina jin tsoro.

Wata uwargida

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata. Na ji gajiyarki, na ji tsoronki, kuma ban ga laifinki a ko ɗaya ba. Matar da ta ga yadda ciwon nan ya yi da surukinta, sannan aka wayi gari aka ce mijinta ya kamu da shi, dole hankalinta ya tashi. Ɗora tukunya biyu kullum har wata huɗu ba ƙaramin aiki ba ne, ƙauna ce ta sa ki. Amma zan gaya miki abin da na hango ba tare da kewaye-kewaye ba. Kin tsananta a wurin da sassauci zai fi amfani, wato kicin, kin kuma yi shiru a wurin da magana ta zama dole, wato maganin da ya ajiye. Waɗannan biyun nake so ki juya.

Bari mu fara da maganin, shi ne na gaggawa. Hawan jini ba ya sallama. Yawancin masu shi ba sa jin komai, suna zuwa aiki, suna hira da dariya, alhali jini na dukan bangon jijiyoyinsu dare da rana da ƙarfin da ya wuce ƙima. Ki ɗauki tiyon ban-ruwa da aka buɗe wa famfo har ƙarshe aka bar shi haka shekara da shekaru, wata rana sai ya tsage a inda ya fi rauni. A jikin mutum wurin nan yakan zama ƙwaƙwalwa, ko zuciya, ko ƙoda, ko ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya sama da biliyan ɗaya ne ke ɗauke da ciwon, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Don haka idan maigidanki ya ce miki yana jin kansa garau, gaskiya ya faɗa, sai dai jin jiki ba shi ne ma'auni ba a wannan ciwo. Ana ce wa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban. Nasa ya haura 160/100, matakin da likitoci ba sa jinkirin fara magani a kansa, ga kuma tarihin mahaifinsa.

Kin tambaya ko abinci kaɗai zai isa. Tambaya ce mai kyau, kuma masana sun gwada ta. A 1997 an wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 459, inda aka ciyar da wani rukuni daga cikinsu wani tsarin abinci mai suna DASH har mako takwas: kayan lambu da 'ya'yan itace da yawa, madara da dangoginta marasa kitse sosai, sai ƙarancin kitsen nama. A cikin masu hawan jini, lambar sama ta sauka da kusan maki 11, ta ƙasa da kusan 5. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, daidai yake da aikin da ƙwayar magani guda kan yi. To amma ki yi lissafin da kanki. Ki cire 11 daga 168, saura 157, har yanzu yana sama da iyaka. Rage gishiri zai ƙara saukar da shi, rage ƙiba ma haka, kusan maki ɗaya a kan kowane kilo, tafiyar ƙafa ma haka. Amma duk waɗannan makonni ko watanni suke ɗauka, kuma jijiyoyinsa ba za su tsaya jira ba. Girkinki magani ne na gaske, amma a matakin da yake yanzu, abokin aikin ƙwayar nan ne, ba magajinta ba.

Maganar Hajiya cewa in an fara ba a dainawa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai dalilin ba shi ne wanda take zato ba. Ba wai maganin ne ke kama jiki ya hana a rabu da shi ba. Ciwon ne mai zama, maganin kuwa riƙe shi yake yi, ranar da aka saki sai jinin ya koma inda yake. Duk da haka akwai waɗanda suka rage ƙiba, suka gyara cimarsu, har likita da kansa ya rage musu yawan ƙwayoyin. Ki riƙe wannan, domin shi ne albishir ɗin da za ki iya yi wa maigidanki da gaskiyarki: idan yana son ya rage shan magani, akwai hanya, ta wurin likita da tukunyar gida ta bi, ba ta aljihun da ya ɓoye katin ba.

Yanzu mu dubi shi kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Namijin da ya binne mahaifinsa da wannan ciwo ya fi kowa sanin abin da ake tsoro, kuma sau da yawa wanda ya fi jin tsoro shi ya fi kau da kai. Kowace ƙwaya da zai haɗiya da safe tana tuna masa kwanciyar mahaifinsa. Kwanon da ake ajiye masa daban a gaban yara ma haka. Da ya ce kin mai da shi majinyaci, ni ban ji raini a maganar ba, ciwon rai na ji. Sannan akwai dalilin da maza ba su cika faɗa ba, wato illar maganin. Amlodifin yakan kumbura ƙafa. Lisinofiril yakan jawo busasshen tari mai naci. Masu sa fitsari sukan hana mutum sakewa a wurin aiki ko a kan hanya. Wasu kuma, musamman tsofaffin nau'o'i, suna iya taɓa harkar auratayya, kuma ina zargin kalmar da Hajiya ta faɗa ta sauka a wurin da ya riga ya damu da shi. Abin da ya kamata ya sani shi ne hawan jinin da aka bari ba magani shi kansa yana lalata ƙananan jijiyoyi, har ya jawo raunin da ake gudu. Kuma magungunan hawan jini iri-iri ne. In wannan bai karɓe shi ba, likita zai canza masa wani, matuƙar ya buɗe baki ya faɗa.

Saboda haka ki yi masa magana, a cikin makon nan. Ba a kan abinci ba, ba a gaban yara ba, ba kuma a ranar da kuka samu saɓani ba. Ki bari ya huta, ku biyu kaɗai, ki faɗa masa kai tsaye cewa kin ga katin. Kada ki yi masa tambayar tarko irin ta "ka sha maganinka kuwa?" alhali kin san amsar, domin za ki tura shi ga yin ƙarya ne, daga nan kuma matsala ta zama biyu. Kina iya cewa: "Na ga ka ajiye maganin nan. Ba faɗa na zo yi ba, tsoro nake ji, ni da yaran nan ba mu da kamarka. Me ya sa? Akwai abin da yake yi maka a jiki ne?" Sai ki yi shiru ki saurara, ko da shirun ya yi tsawo. In ya ba ki dalili, kada ki yi saurin rushe shi da abin da kika karanta. Ki ce masa kin ji, kin kuma gane tukunyar daban ta ƙona masa rai, daga yau an daina. Abu ɗaya kike roƙo, ya koma ya ga likita, ya faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ya yi bai sha ba. Kada ya ninka ƙwaya don cike gurbin kwanakin da suka wuce, kada kuma nan gaba ya sake yankewa farat ɗaya, domin wasu magungunan, irin su atenolol, yanke su kwatsam yana da haɗari ga zuciya.

Zuwa wurin likita a bayan idonsa kuwa, ban ba ki shawara ba. Likita ba zai buɗe miki sirrin majinyacinsa ba, ba zai kuma canza magani ga wanda bai gani ba. Ranar da maigidanki ya ji labari, amanar da kike buƙata don wannan doguwar tafiya ta tafi. Haka nan kada ranki ya taɓa raya miki ki daka ƙwayar ki zuba masa a abinci. Ban da cin amana, wasu ƙwayoyin an yi su ne su riƙa narkewa a hankali cikin yini, in aka daka su sai ƙarfinsu ya fita a lokaci guda. Idan kin yi magana sau ɗaya, sau biyu, ya toshe kunne, sai ki gaya masa a fili cewa za ki sanar da yayansa ko aminin da kika san yana jin maganarsa. Ki yi hakan da saninsa.

Akwai abin da yakan yi abin da baki ya kasa, na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ki ajiye ta a matsayin kayan gida, ki fara auna kanki a gabansa. Ka'idarta mai sauƙi ce. A zauna minti biyar a huce, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a sha shayi ko kofi ko taba ba cikin rabin awar da ta wuce. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har mako guda, ana rubutawa. A awon gida, 135/85 ne iyaka. In ya ga lambobin da idonsa ba sai kin ce komai ba, kuma takardar ita zai tafi da ita wurin likita.

Mu zo ga Hajiya. Kafin ki ɗauke ta a matsayin mai ɓata miki aiki, ki tuna ita ce ta yi jinyar mijinta har ya cika, yanzu kuma ɗanta take kallo. Tsoron da ya sa ki cire gishiri shi ya sa ta cika gora. Kuma ba a banza ta yarda da itatuwa ba. Ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko, risafin, daga saiwar wata tsiro ta ƙasar Indiya aka samo shi a shekarun 1950. Metfomin da masu ciwon suga ke sha a faɗin duniya, asalinsa daga wata ciyawa ne. Bambancin ƙwaya da jiƙo shi ne awo da sanin abin da ke ciki. Ƙwayar yau da ta gobe ƙarfinsu ɗaya. Gorar wannan makon kuwa tana iya ninka ta makon jiya, ba wanda zai sani. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata kusan 100 sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani maganin rage ƙiba na ganyayyaki, saboda an musanya wata tsiro da wata bisa kuskure, kuma da yawansu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe. An kuma sha kama haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na itatuwa alhali an zuba musu maganin ciwon jiki ko na kumburi a ɓoye, waɗanda su kansu suna ɗaga jini. Mai hawan jini ƙodarsa ta riga tana cikin wahala. Ra'ayina shi ne duk abin da ba a san haɗinsa ba, kada ya sha.

Amma ba ke za ki gaya wa Hajiya haka ba, kuma kada ki zubar da gorar a ɓoye. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki tambaye ta cikin ladabi me da me aka haɗa, don a nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna kada ya yi karo da wanda yake sha. Maganar dainawa tsakanin ɗa da uwa za ta fi sauƙi. In za ta yarda ta raka shi asibiti ta ji daga bakin likita, ya fi komai, kuma dama ce a auna ta ita ma. Sannan ki ba ta wuri a cikin lamarin. Ki ce mata an ce a rage dunƙule, ki roƙe ta ta koya miki yadda ake fito da ɗanɗanon miya a da, kafin zuwan dunƙule. Dattijuwar da aka nemi iliminta ba ta cika yin gaba da wadda ta nema ba, kuma za ki sha mamakin abin da za ki ƙaru da shi.

To, kicin. A nan ne nake so ki saki ranki. Ba wanda ya ce a cire gishiri ƙaƙaf. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kada babba ya wuce gram 5 a rana, wato ƙasa kaɗan da cokalin shayi ɗaya shafaffe, yara kuma ƙasa da haka. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura gram 10. Aikin da ke gabanki ke nan, raba shi biyu, ba share shi ba. Jiki na buƙatar kaɗan, kuma gishiri mai aidin yana kare iyali daga maƙoƙo. Ki kuma dubi inda tsanantawar ta kai ku. Abincin sayarwa ya dogara ne da gishiri da mai don ya ja mai saye, saboda haka mutumin da ya ture kwanon gida ya je ya cika cikinsa a waje, wataƙila gishirin da yake ci yanzu ya fi na kafin a gano ciwon. Abinci mai ɗan gishiri da zai cinye ya fi marar gishiri da zai ture.

Harshe yana koyo, amma ba ya son a yi masa ba-zata. In aka rage a hankali, cikin makonni zuwa wata biyu ko uku sai ya saba, har abincin da yake ci a da ya riƙa yi masa zartsi. An gwada wannan a kan ƙasa guda. A Ingila kamfanonin abinci sun riƙa rage gishirin burodi da sauran kayayyaki kaɗan-kaɗan, kuma tsakanin 2003 da 2011 abin da mutum ke ci a rana ya sauka daga gram 9.5 zuwa 8.1, ba tare da jama'a sun guji abincin ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ki koma tukunya ɗaya ga kowa da kowa, domin yaranki jinin mahaifinsu da kakansu ne a jikinsu, harshen da ya saba da ƙarancin gishiri tun yarinta gata ne gare su. Ki tuna adadin da kike zubawa a da, ki rage kashi ɗaya cikin huɗu, ki zauna a kai mako biyu ba tare da sanarwa ba, sannan ki sake ragewa. Ki daina ɗiba da hannu, ki koma cokali. Kowace safiya ki auna gishirin yini a ɗan kofi, in ya ƙare ya ƙare. A gida mai mutum shida irin naki, ganin cewa burodi da sauran kayan saye suna zuwa da nasu, ni zan sa cokalin shayi uku ya zama inda za a dosa. Dunƙule kuma kusan rabinsa gishiri ne, don haka a cikin lissafin yake. In kin jefa shi, ki rage gishirin.

Gurbin da gishiri ya bari, haƙuri a kan wuta ne ke cike shi. Albasar da aka yanka da yawa aka bar ta a ɗan mai kan wuta marar ƙarfi har ta yi laushi ta koma ruwan zuma tana ba miya zaƙi da jiki. Tumatir a bar shi ya ƙone ruwansa har tsaminsa ya mutu. Kayan ƙamshi irin su citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kori da kurkur, ki ɗan soya su a mai na 'yan daƙiƙu kafin ki zuba ruwa, a nan ƙamshinsu ke buɗewa, ba kamar in an watsa su a ruwa ba. Ƙashin nama ko kan kifi ki tafasa su da albasa da karas ki yi romonki, ki rarraba a ƙananan mazubai ki sa a firiza, duk lokacin da hannunki ya nufi dunƙule ki ɗauko guda. Busasshen kifin da ba a sa wa gishiri ba, in an daka shi, cokali ɗaya yana canza tukunya. Nama da kaza ki jiƙa su da tafarnuwa da citta da lemon tsami tun da wuri, su kwana in da hali, sannan ki gasa. Abin da na fi so ki gwada shi ne matsa lemon tsami kaɗan bayan an sauke tukunya. Tsami yana farkar da harshe, sau da yawa miyar da ake cewa ta yi lami ba gishiri take nema ba, ɗigon lemo take nema. Wata dabara kuma, ki rage wani abu daga gishirin da kika auna ki barbaɗa a ƙarshe, domin wanda ke saman abinci ya fi jiyuwa a baki fiye da wanda ya nutse a ciki.

Mai ma ba haramun ba ne. A rage yawansa, a fi yawaita gashi da turarawa da dahuwa, a daina maimaita suya da tsohon mai har ya yi baƙi. Kuma ki bar masa abincin da ya fi so sau ɗaya a mako, yadda ya san shi, da ɗan sassauci. Mutumin da ya san akwai ranarsa a gida ba ya yawan leƙa waje.

Ki fi mai da hankali ga abin da za ki ƙara a kwano fiye da abin da za ki cire, hakan ya fi daɗin ji ga mai ci. Sinadarin fotasiyam yana taimaka wa jiki fitar da gishiri, yana kuma sassauta jijiyoyi, kuma yana nan a wake, alayyafo da sauran ganyaye, dankali, tumatir, ayaba, lemo da gyaɗar da ba a sa wa gishiri ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. A aikace, rabin faranti ya zama ganye da kayan lambu, sauran rabin a raba tsakanin hatsi da wake ko kifi ko nama. Ki sa ido kan gishirin da ba a gani: ƙunshin sinadarin da ke zuwa cikin taliyar leda, abincin gwangwani, burodi, kayan ƙwalam na kanti, har da hodar tashin fulawa. In takardar jikin kaya ta rubuta sodiyam, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Wataƙila za ki ci karo da gishirin da aka rage wa sodiyam aka cika da fotasiyam. Yana da tushe mai ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin kan mutum kusan 21,000, ya nuna masu amfani da shi sun samu raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Amma kada ki saya sai likita ya duba ƙodarsa ya amince, domin ga mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinofiril ko losatan, fotasiyam na iya taruwa a jini har ya taɓa bugun zuciya. Tun da kuma ciwon kai ne ya fara kai shi asibiti, ki lura da abin da yake sha in kansa ya sara. Ibufurofen da diklofenak suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda in aka yawaita. In yana shan taba, barinta ya fi duk abin da za ki yi a tukunya. Tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 ɗin da ake so, kuma in kun fita tare bayan rana ta yi sanyi ba zai ji kamar hukunci ba ne. In yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ke ce kaɗai shaida, ki tabbata likita ya ji, domin hakan yana hana jini sauka.

Ke kuma, 'yar'uwata, ki sauke wani abu daga kayan da kika ɗora wa kanki. Kina iya girka mai kyau, ki faɗi gaskiya cikin taushi, ki yi addu'a, amma ba za ki haɗiye masa ƙwaya ba. Babban mutum ne, jikinsa amana ce a hannunsa. In ya ɗauki lokaci kafin ya sauko, ba gazawarki ba ce. Ki rage karatun dare a waya, ya isa haka, abin da ya rage ki tambayi likita. Ki samu wata 'yar'uwa ko aminiya mai riƙon sirri da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, ki ci abinci, ki yi barci.

Abu ɗaya ne ba ya jiran lallashi ko shawarar kowa, kuma ina so babban ɗanku ma ya san shi. Idan kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko ganinsa ya dushe farat ɗaya, ko ya kama ƙirji yana haki, ko awo ya kai 180/120 tare da matsanancin ciwon kai ko ruɗewa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko da shi ya ce a bari gari ya waye, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintuna. Kada a ba shi komai ta baki, kuma ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Ki tanadi lambar wanda zai kai ku tun yau.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya saka miki da alheri. In kun ga likita, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.